Ƙanena ya ci tsere, zagin Facebook ya hana shi barci

Assalamu alaikum Kawu. Ina rubuto maka daga cikin garin Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Ina da ƙane ɗan shekara 17 wanda Allah ya ba gudu. Tun yana firamare, in aka aike shi kasuwa da gudu zai tafi, da gudu zai dawo. Shekara uku ke nan yana atisaye wurin wani koci, kullum bayan sallar asuba. Watan jiya ya je gasar kilomita 10 a wata jiha, ya zo na ɗaya a rukunin matasa, a minti 30 da 'yan kai. Wani shafi ya sa hotonshi a Facebook. Murnar kwana ɗaya muka yi, sai aka taso mashi. Wasu suka ce wannan ƙaton ya haura 25, rage mashi shekaru aka yi. Wasu suka ce ƙwaya ce, ai yaran Arewa da tramol suke aiki. Wasu suka ce hanyar ba ta kai kilomita 10 ba. Wani ya ce a Kenya mata ma sun fi haka. Abin da ya fi mani ciwo, har da 'yan unguwarmu a ciki. Na shiga na rama, kwana uku ina musu da su, ina ɗaukar hoton abin da suka rubuta ina tura mashi don ya san maƙiyanshi. Yanzu ba ya barci. Ya mai da atisayen safe da yamma, ƙwaurinshi na ciwo amma ya ƙi hutawa, wai sai ya yi minti 29 ya rufe masu baki. Wata rana kuma ya ce zai bar gudun gaba ɗaya. Inna ta ce a haƙura da abin kada baki ya kama shi. Sai abu guda: a gida aka haife shi, takardar shekarunshi ta rantsuwa ce da aka yi a kotu daga baya. Kawu, in kai su ƙara ne, ko in ci gaba da kare shi?

Yayan mai gudu, Katsina

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Ka gaida Inna, ka kuma gaida min gwanin, Allah ya ƙara masa lafiya.

Zan zo kan batun ƙara. Amma duk cikin wasiƙarka, inda na tsaya na sake karantawa shi ne maganar ƙwaurin nan. Yaro mai shekara 17 ya ninka atisaye cikin wata guda, ba barci, ƙashi na ciwo, yana ci gaba da dukan kwalta: na san inda wannan hanya take ɓullewa. Ƙashi abu ne mai rai. Kowane gudu yana yi masa 'yar ɓarna, barci da abinci da hutu su gyara, ya tashi ya fi da ƙarfi. In ɓarnar ta yi wa gyaran yawa, sai ƙashin ya fara tsagewa sannu a hankali, kamar katangar ƙasa da damina, ba wanda ke jin motsinta sai ranar da ta zube. Yau ɗin nan ka sa ya nuna maka wurin. In ciwon a shimfiɗe yake tsawon ƙwaurin, yana lafawa in ya huta, da ɗan sauƙi, a rage gudun a gani. In kuwa wuri ɗaya ne da kan yatsa zai iya rufewa, ko yana soka masa in ya yi tsalle da ƙafa ɗaya kamar mai langa, ko yana jin sa da dare yana kwance, to gobe sai asibiti, wurin likitan ƙashi. Hoton farko sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsagewar, don haka kada hoto ya fito fes ku ce an warke, ku bi ta bakin likitan. Ba ciwon murzawa ba ne, ba na man zafi ba. Yakan ci mako 6 zuwa 8 ba gudu, wani lokaci ma fiye, kuma wanda ya ƙi ba shi makonni yakan ba shi shekara.

Sai kai. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, na san ƙauna ce ta sa ka. Mutanen nan sun rubuta abinsu, sun jefa waya aljihu, sun wuce wurin mai shayi. Wanda ya kwaso maganar ya kai ta har kan katifar yaron da tsakar dare, kai ne. Zomo kuwa ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Bayan haka, Facebook ya fi tura wa jama'a rubutun da ake ta cacar baki a ƙarƙashinsa, ke nan kwana ukun da ka yi kana musu talla ka yi wa zagin kyauta. Daga yau ka daina tura masa komai, ka daina amsa kowa, ka goge hotunan da ka tara, in ban da wanda zan ambata a ƙasa.

Na ga ka kira su maƙiya. Akwai masu hassada a ciki, ba shakka, iccen da ke da 'ya'ya shi ake jifa. Mu ma a zamaninmu na makarantar kwana, in yaro ya riga kowa dawowa daga gudun daji, kafin ya gama haki an ce laya ce a ɗamtsensa, ko ya yanke ta cikin gonar gero. Layar ce ta koma ƙwaya. Sai dai ba zan yi maka daɗin baki in ce duk mai shakka mahassadi ne ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma mu 'yan Najeriya an sare mu ba sau ɗaya ba.

Ɗauki batun shekaru. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa uku da suka je Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka taɓa gabatarwa a baya. A 2009, lokacin da muka karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, FIFA ta fara sa yara a na'urar MRI ana duba ƙashin wuyan hannu don a gane wanda ya gama girma. Duk mai bin wasanni a ƙasar nan ya san labarin "yaro" mai mata da 'ya'ya. Da wannan idon aka kalli hoton ƙanenka, tun kafin a san sunansa.

To ni ma bari in tambaye ka, tsakani da Allah, tunda ba wanda ke jin mu: shekarun nan 17 ne? Wa ya faɗi ranar da aka rubuta a takardar kotun, Inna ce ko koci? In 17 ɗin ce, ba ku da abin tsoro, aiki ne kawai a gabanku. Haihuwar gida ba laifi ba ce, da yawanmu a ɗaki aka yanke mana cibi. Ka nemo katin rigakafinsa in yana nan, ka je makarantar firamaren da ya yi a duba maka rajistar shekarar da aka ɗauke shi, ka haɗa da takardar jarrabawar aji uku, da lambar NIN, da takardar hukumar ƙidaya ta ƙasa. Ka tabbata rana ɗaya ce a kansu duka, wata ɗaya, shekara ɗaya. Ka sa su a jaka guda, ka yi kwafi. Ba don Facebook ba, kada ka kuskura ka sa takardun yaro a intanet. Don ranar da hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa, AFN, za ta kira shi, ko zai yi fasfo. A wannan wasa shekarar haihuwa ake dubawa: abin da yaro zai cika kafin ƙarshen 31 ga Disamba shi ke nuna rukuninsa, ko na ƙasa da 18 ko na ƙasa da 20. In kuwa ka san an taɓa shekarun, ko da guda ɗaya ce, ku gyara yanzu tun sunansa bai yi nisa ba, ya koma rukunin da ya dace da shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma yaron ne zai faɗa ciki, ba wanda ya ba da shawarar ba. Mai gudun minti 30 gwani ne ko shekararsa 20.

Batun ƙwaya ya fi kowanne ɗaukar hankalina, ba don na yarda da masu zargin ba. Shi ma yana da tushe. A Olamfik ɗin Tokyo da aka yi a 2021, an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsallen Najeriya 10 shiga fili, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta tanada kafin gasa ba. A wannan gasar dai aka cire 'yar tserenmu Blessing Okagbare, ita kam don gwajin ƙwaya ya kama ta, tana shirin zagayen kusa da na ƙarshe na mita 100, daga baya aka dakatar da ita shekara 11. Sannan kowa ya san abin da tramol da kodin suka yi wa matasanmu, daga Katsina har Daura, ba sai an ba mu labari ba.

Abin da nake tsoro shi ne ƙaryar su ta zama gaskiya ta hanyar ƙwaurin nan. Yaro na ciwo, ya rantse ba zai huta ba, wani aboki a fili ya ce ga wata 'yar ƙwaya, sha ɗaya ka manta da ƙafar. Ko kai da kanka, don tausayi, ka leƙa kemis ka ce a haɗa maka na ciwon jiki, a ƙulla maka kala biyar a leda ba suna ba kwali. Tun daga 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta sa tramol cikin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa. Irin su dezametason da ake cusawa a haɗin ciwon gaɓoɓi suna cikin jerin, haka wani sinadari da ke cikin wasu magungunan mura in ya wuce ƙima. Dokar kuma ba ta san "ban sani ba". Abin da aka samu a fitsarinka naka ne, ko wa ya ba ka. Jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a mota da lasifika, da ruwan gora na ƙarin ƙarfi, da garin gina jiki da ake sayarwa a intanet, ba wanda zai iya rantse maka da abin da ke ciki. Saboda haka ka saya masa ɗan littafi na aljihu. Duk abin da ya sha da sunan magani, ya rubuta suna da rana da wanda ya ba shi. Duk likitan da ya gani, ya fara da cewa shi ɗan wasa ne da ake iya yi wa gwaji. Ranar da jami'an gwaji suka tare shi bayan tsere da 'yar kwalbarsu, ya yi hamdala, domin sun kawo masa shaidar da bakinka ba zai iya ba shi ba.

Tsawon hanya kuwa, wannan ba laifinsa ba ne ko da gaskiya ne, kuma yana iya zama gaskiya, don ba kowace gasar titi ake aunawa yadda ya kamata ba. Awo na ƙa'ida da keke ake yi, mai na'urar ƙirga juyin taya, a bi mafi gajartar layin da mai gudu zai iya bi, a ƙara mita ɗaya a kowace kilomita don kada ta gaza. Maganinsa mai sauƙi ne: in ya warke, koci ya nema masa tseren mita 5,000 ko 10,000 a cikin fili, inda zagaye mita 400 ne ba daɗi ba ragi, ko gasar da hukumar guje-guje ta duniya ta amince da awonta, irin ta Okpekpe a jihar Edo. Gani ya kori ji.

Mai maganar Kenya bai yi ƙarya ba. A Janairun 2024 Agnes Ngetich 'yar Kenya ta yi kilomita 10 a minti 28 da sakan 46 a birnin Balensiya na Sifen, kuma Joshua Cheptegei na Yuganda ya yi mita 10,000 a minti 26 da sakan 11 a 2020. Ka faɗa wa ƙanenka waɗannan lambobi da bakinka, ya san nisan tafiyar. Amma ka haɗa masa da sauran lissafin. Garin Iten, inda da yawan gwanayen Kenya ke atisaye, yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, iskar wurin ba ta da kauri, jiki kan ƙara jini don ya wadatu, ga sanyi, ga ɗaruruwan abokan gudu kowace safiya. Jos tana wajen mita 1,200, shi ya sa za ka ga 'yan Filato, musamman na wajen Pankshin, su ne a gaba cikin 'yan Najeriya a gudun yada ƙanin wani. Katsina ba ta wuce mita 500 da 'yan kai ba, zafin Afrilu na haura 40, hunturu ya zo da ƙura. A nan yaron ya yi abin da ya yi. Minti 30 da rabi na nufin zagaye 25 na filin wasa na Karkanda da ke Katsina, kowanne a sakan 73, ba tsayawa. Ina so in ga mai rubutun ya yi guda ɗaya.

Ga kuma abin da nake so ka zaunar da shi ka fahimtar da shi game da minti 29. Cire minti guda daga inda yake yana nufin rage kusan sakan biyu da rabi a kowane zagaye, sau 25. Wannan aikin shekaru ne, ba na zuciya ba. Sannan ko ya yi, bakin ba zai rufu ba. Wanda ya ce ƙwaya ce a minti 30, me kake jin zai ce a minti 29? A Yulin 2022, a Eugene ta Amurka, Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 da sakan 12.12. Ko gumi bai bushe mata ba, Michael Johnson, tsohon zakaran Olamfik, ya fito ya nuna shakka kan agogon filin. 'Yan Najeriya suka yi masa ca, aka kwana ana zage-zage, amma abin da ya tsayar da tarihin shi ne binciken hukumar duniya da ta tabbatar da shi daga baya. Eliud Kipchoge ya yi kilomita 42 a ƙasa da awa biyu a Biyana a 2019, wasu suka ce ai takalmin ne ya yi. In waɗannan ba su tsira ba, ɗan Ƙofar Marusa ya sa a ransa cewa surutu na cikin kayan sana'ar, kamar tsamin jiki.

Ƙara kam ban ba ka shawara ba. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, akwai ta ɓata suna, amma za ka kashe kuɗin takalmi da na abincin yaro kana bin mutanen da rabinsu ba da sunansu suke rubutu ba, ka kuma ja maganar wata shida maimakon ta mutu cikin mako biyu. Inda zan ce ka motsa shi ne in wani ya yi masa barazana, ko ya wallafa inda kuke zaune ko hanyar da yake bi da asuba. Wannan ka ajiye hotonsa, ka sanar da mai unguwa da 'yan sanda. Mai shafin da ya sa hoton kuma ka yi masa magana ta gefe, cikin mutunci, ka tuna masa yaron bai kai 18 ba, ya share zagin ko ya rufe wurin sharhin.

'Yan unguwa dabam ne, kuma su ne suka fi sauƙi. Wasunsu iyayensu sun ci tuwon sunan yaron nan, sun san shekarar da aka haife shi fiye da kotu. Ba a waya ake yi da su ba. Ka sami babba guda da suke jin nauyinsa, ku taka har majalisarsu bayan la'asar, a gaisa, a ce yaron nan naku ne, abin da aka rubuta ya taɓa shi. Za ka sha mamakin yadda jarumin waya ke sunkuyar da kai in aka haɗa ido.

Kada ka yi wa Inna gardama kan baki. Uwa ce, ta ga ɗanta ya daina barci, kuma ta fi ku duka gaskiya cewa wani abu na cin sa. Ku ba ta abin da za ta riƙe: zai kiyaye azkar ɗinsa na safe da yamma, za a daina yaɗa hotunansa na wani lokaci, ita kuma ta ci gaba da sa masa albarka. Ka roƙe ta ta karɓi aikin da ya fi na koci wuya, wato ta ga ya ci ya ƙoshi, wake, ƙwai in an samu, fura da nono, zogale, kuma wayarsa ta kwana a ɗakinta daga bayan isha'i. Mai shekarunsa na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, balle mai gudu.

Maganar zai bari kuwa, kada ka ce masa a'a, kada ka ce masa to. Wanda bai yi barci ba ba ya yanke hukunci. Ka ce masa a ajiye zancen sai ƙafa ta warke. Kuma in kuna hira, ka bar tambayarsa minti nawa. Ka tambaye shi karatu, ku je kallon ƙwallo, ka tuna masa lokacin da yake tsere da kansa zuwa kasuwa ba mai riƙe da agogo. In ya yi mako uku ko huɗu har yanzu ba barci, ba cin abinci, yana ƙaurace wa mutane, ko ya fara maganganun da ba ka gane kansu ba, ka faɗa wa likitan wannan ma, kada ka tsaya kan ƙafa kawai. In bayan ya warke ya huta ya ce shi fa ya gama da gudu, ransa ne, ku bar shi, ba bashin kowa ya ci ba.

Wani abin da ban ji ba a wasiƙarka shi ne bakin kocin. Ya san yaron na fita da yamma? In bai sani ba, ka sanar da shi yau. In ya sani ya ƙyale, ko shi ya sa shi, ku sake tunani a kansa. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ku zauna ku uku, da takardar likita a hannu, a rubuta ranar da zai koma fili da gasar da za a nufa, guda ɗaya tak. Ka rubuto min abin da likitan ya ce game da ƙwaurin.